Shin fuskar ruwan randa sumul take idan ya kwanta?

Malam, ka tambaya ko ruwan zir, wato randa, da ya kwana a inuwa can Mai Wurno, kusa da Sinnar a Sudan, ba iska ba girgiza, fuskarsa ta daina motsi gaba ɗaya. A'a, ba ta dainawa.

Ƙwayoyin ruwa, wato ƙananan sassan da suka haɗu suka zama ruwa waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin kai-komo suke saboda zafin da ke jikinsu, suna bugun fuskar daga ƙasa, su tayar da 'yan ƙananan igiyoyi. Abin da ke danne su shi ne ƙarfin da ke ɗaure fuskar ruwa, wanda ke sa ƙwaro ya yi tafiya a kan kududdufi bai nutse ba. Zafi na turawa, ɗaurin na ja, sai tsayin igiyoyin ya tsaya wajen nanomita 0.3, kusan girman ƙwayar ruwa guda. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita, shi ya sa ido ke ganin fuskar kamar madubi.

Masanin kimiyya Marian Smoluchowski ya yi hasashen wannan a 1908, takwaransa Leonid Mandelstam ya zurfafa lissafin a 1913. Abin da ya fi burge ni, sun hango shi da alƙalami tun kafin a auna shi da hasken eksre a shekarun 1980.

Zafin Sinnar fa? Yana ƙara tsayin igiyoyin, amma kaɗan. Daga digiri 20 zuwa 45, ɗaurin fuskar na raguwa, igiyoyin su ƙaru da abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba.