Yaya zan faɗi sunana da Larabci idan Balarabe ya tambaye ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, kuma in Allah Ya yarda zan raka mahaifiyata Umara a watan Sha'aban. Na sauke Alƙur'ani tun ina yaro, amma ko jimla ɗaya ban iya haɗawa da Larabci. A gida Garba ake kirana, a fasfo kuwa Abubakar Sani aka rubuta. Idan aka tambaye ni sunana me zan ce, kuma wanne zan faɗa? Hajiya ma ta ce in tambayar mata.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Garba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada, Ya saka maka da alheri kan wannan hidima da za ka yi wa Hajiya.

Abin da kake nema gajere ne: ismi Abu Bakr (اسمي أبو بكر). "Ism" shi ne suna, wasalin "i" mai ja da ke ƙarshe kuma shi ne "na" ɗinmu na Hausa. Ismi, sunana. Ka faɗe shi, ka ɗora sunanka a kai, magana ta ƙare. Babu wata kalma da za ka saka a tsakani, kamar yadda mu ma muke cewa "sunana Abubakar" ba tare da ƙarin komai ba. Idan ka ga dama ka ce ana Abu Bakr, wato ni ne Abubakar. Duka biyun daidai ne, kuma ana fahimtarsu daga Makka har Maroko.

Ina so ka tsaya a nan kaɗan, domin shekarun da na yi ina koyar da masu fara Larabci sun nuna mini cewa Bahaushe yana shigowa aji da rabin darasin a bakinsa bai sani ba. Duba yadda muke cewa sunanka ga namiji, sunanki ga mace. Balarabe yana cewa ismuka ga namiji, ismuki ga mace. "Ka" ɗin nan da "ki" ɗin nan iri ɗaya ne a harsunan biyu, sauti da ma'ana. Ba aro muka yi ba, gado ne, domin masana harsuna sun sanya Hausa da Larabci cikin babban dangi guda. Bature mai koyon Larabci sai ya yi makonni yana kiran mace da "ka", saboda harshensa bai raba su ba. Kai kuwa tun kana goye kake raba su. Sunansa shi ne ismuhu, sunanta kuma ismuha.

Kuma tunda ka sauke, kalmar ba baƙuwarka ba ce. A Suratu Maryam, aya ta 7, an yi wa Annabi Zakariyya bushara da ɗa, "ismuhu Yahya", sunansa Yahaya. A Suratus Saff, aya ta 6, akwai "ismuhu Ahmad". Ita kanta Bismillah da kake buɗe kowane aiki da ita, "bi" ce aka haɗa da "ism": da sunan Allah. Ka lura yadda "i" ɗin farko ya ɓace a nan? Alifin "ism" irin wanda malaman tajwidi ke kira hamzatul wasli ne, yana fitowa idan an fara magana da shi, yana faɗuwa idan wata kalma ta gabace shi. Shi ya sa tambayar "me sunanka" ake rubuta ta ma ismuka (ما اسمك) amma a furta ta masmuka, ko masmuki idan mace ake tambaya.

Sai dai ga inda ɗalibai da yawa ke rikicewa. Wannan masmuka Larabcin littafi ne, wanda ake kira fusha, na huɗuba da labaran rediyo. Idan ka yi magana da shi za a gane ka sarai, amma mai shago ko direban tasi ba da shi zai tambaye ka ba. Mutumin Makka ko Jidda zai ce esh ismak, ga Hajiya kuma esh ismik. Bamisire, kuma za ka haɗu da su da yawa a otal da kantin magani, zai juya ta ya ce ismak eh. Ɗan Sudan zai ce ismak minu, ɗan Siriya ko Lebanon ya ce shu ismak. Kada ka wahalar da kanka da haddace su duka. Ka kafa kunne ga "ism" ɗin kawai. Duk inda ka ji ismak da muryar tambaya, sunanka ake nema, amsarka kuma ba ta canzawa. Wani dattijon ko ma'aikacin ofis mai ladabi zai ce al-ismul karim, wato "sunan mai daraja fa?" Ita ma tambayar ce, an dai yi mata ado.

To, wanne za ka faɗa, Garba ko Abubakar? A filin jirgi, a otal, a asibiti, ko gaban ɗan sanda, abin da ke cikin fasfo shi kaɗai za ka faɗa, yadda aka jera shi, ka kuma miƙa fasfon ko katinka su gani da idonsu. A nan ba na sassautawa, domin suna biyu a bakin mutum ɗaya yana jawo tambayoyin da ba ka da Larabcin amsa su. A hira kuma, Abu Bakr ɗin dai ya fi yi maka amfani. Garba namu ne, mu muka san cewa kowane Garba Abubakar ne, kamar yadda muka san Mamman Muhammadu ne, Iro Ibrahim, Dije Hadiza, Indo A'isha. Balarabe bai san wannan ba, zai yi ta maimaita Garba yana neman ma'anarsa. Idan ka ce Abu Bakr kuwa, nan take fuskarsa za ta saki, sau da yawa ma ya ƙara da "as-Siddiƙ" don girmama mai sunan na asali.

Ka lura na rubuta Abu Bakr, ban rubuta Abubakar ba. Harshenmu ba ya son kalma ta ƙare a kan baƙi ko baƙaƙe biyu su haɗu, shi ya sa muke cusa wasali: Umaru, Yakubu, Aliyu, Salihu. Larabawa a magana suna yanke wannan wutsiyar, su ce Umar, Ya'ƙub, Ali, Salih. Sunan da ke biye da naka ma yana da labari. Sani daga kalmar ثاني yake, ma'anarsa na biyu, kuma harafin farkonsa ana furta shi ne da bakin harshe tsakanin haƙora. Mu muka mayar da shi "s", kamar yadda muka yi wa Usman. Al'adarmu ce a sa wa 'ya'ya maza Muhammadu a jere, a bambanta su da lamba: Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu. Idan ka furta shi da wancan harafin, Balarabe zai gane kalmar, wataƙila ma ya tambaye ka ina na farkon.

Akwai sunaye uku da nake jan kunnen ɗalibaina a kansu, na san kuma masu karatu da yawa suna ɗauke da su. Wanda ake kira Abdul kada ya ce ismi Abdul ya yi shiru, domin a kunnen Balarabe rabin suna ya faɗa, "bawan..." ke nan, ana jiran a ji bawan wa. Ya cika shi: Abdullah, Abdurrahman, Abdul'aziz. Shehu kuma za a ɗauka muƙamin shaihi yake ba kansa, gara ya ce Usman idan shi ne sunan yankansa. Binta ma haka, "bint" 'ya mace ce kawai a Larabci, sai ta ce Faɗima. Masu sunan rana irin su Ɗanladi, Talatu, Laraba, Jummai da Asabe, idan shi ne a takardunsu, su faɗe shi yadda yake ba tare da jin nauyi ba. Sunayen ranakun nan ma ai daga Larabci muka samo su.

Bayan ka faɗi naka, ladabi ne ka mayar da tambayar. Ka ce wa anta, kai fa, ko wa anti idan mace ce. Idan ya faɗa, sai ka ce tasharrafna, wato mun sami daraja da saninka. Shi kuma yana iya ce maka ahlan wa sahlan, marhabin ke nan, ko ashatil asami, addu'a ce ta cewa sunaye su daɗe. A Saudiyya za ka ji wan-ni'im, yabo ne, kamar mu ce "madalla da kai". Murmushi da shukran sun wadatar a matsayin amsa.

Tambayar da ke biyo baya kusan kullum ita ce daga ina kake: min aina anta a littafi, min fen ko min wen a titi. Ka ce ana min Naijiriya. Ka ja kalmar da kyau har ƙarshenta, saboda maƙwabtanku na Maraɗi cewa za su yi ana minan Nijar, kuma Larabawa da yawa suna cakuɗa ƙasashen biyu. Idan ka ƙara da cewa ana Hausawi, ba baƙon abu ka faɗa ba a Hijaz, wato yankin Makka da Madina. Jikokin alhazan da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan suka zauna a can suna ɗauke da wannan suna har gobe. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha sunansa Usama Hausawi. Wannan "i" mai nauyi da ake liƙa wa sunan gari ko ƙabila ana kiranta nisba, kuma garinku yana da tasa: al-Kashinawi. Da ita aka san Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi ɗan ƙasar Katsina wanda ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu da koyarwa har ya rasu a can a 1741. Duk lokacin da na faɗa wa ɗalibi Bakatsine wannan, sai in ga ya gyara zama.

Saura Hajiya, kuma a nan ne na fi son ka natsu. Jimlar ba ta canzawa don mace ce ke faɗa: ismi, sai sunanta na fasfo. Amma akwai wata al'ada da za ta iya ba ta mamaki. Larabawa suna girmama mace ta hanyar kiranta da sunan ɗanta na fari, Ummu wane, namiji kuma Abu wane. Sunan wannan a Larabci al-kunya, daga nan muka samo kalmar alkunya, amma mu sai muka juya ta: uwa Bahaushiya ba ta kama sunan ɗan farinta, sai dai ta ce "yaron nan" ko "mai sunan Malam". Na taɓa ganin wata dattijuwa a harabar masallacin Madina, wata Balarabiya da suka yi salla kafaɗa da kafaɗa tana ta tambayarta da fara'a sunan babban ɗanta don ta kira ta da shi. Dattijuwar ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai, ɗan kuma yana tsaye can gefe riƙe da takalmanta. Balarabiyar ta ɗauka ba ta ji tambayar ba ne, alhali ta ji sarai bayan an fassara mata, nauyin sunan ne ya hana ta. Idan kai ne na fari, ka sanar da Hajiya tun a gida cewa ba dole ba ne. Ta faɗi sunanta kawai, ko kuwa kai ka amsa mata ka ce hazihi ummi, wannan mahaifiyata ce, ismuha, sai ka faɗi sunan. Na san kai ma bakinka zai yi nauyi wajen kama sunan mahaifiya, amma a gaban jami'i ko likita larura ce.

Faɗin suna a fili yana da asali a sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambaya wane ne, ya ce "ana", ni ne. Sai Annabi ya maimaita "ana, ana", kamar bai so amsar ba. Ummu Hani kuwa, da ta zo wurinsa a shekarar buɗe Makka aka tambaya wace ce, cewa ta yi "ana Ummu Hani", ya yi mata marhabin da sunanta. Ka karanta wa Hajiya wannan na biyun, zai sauƙaƙa mata.

Kafin ku tashi, ka riƙa yi mata tambayar bayan sallar Magariba, yau ka ce masmuki, gobe esh ismik, jibi ismik eh, har kunnenta ya saba da duka ukun, ita ma ta juyo ta tambaye ka. Cunkoson ɗawafi yana raba uwa da ɗa cikin ƙiftawar ido, don haka ka rubuta mata sunanta da harafin Larabci a ƙaramar takarda, da sunan otal ɗinku da lambar wayarka ta can, ta saka a jakar da take ratayawa a wuya.