Na tara kuɗin jinyar yaro a asusuna, yanzu ana cewa na ci

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune a Agege. Kwanakin baya ɗan maƙwabcina ya kwanta a asibiti, likitoci suka ce sai an yi masa aiki, mahaifinsa kuwa sana'arsa ta tsaya tun da aka hana acaba. Na sa hoton yaron da lambar asusuna na OPay a WhatsApp, jama'a suka tara kusan naira miliyan biyu. An yi aikin, yaro ya samu sauƙi, kuɗi sun yi saura, kuma na taɓa wani abu a ciki na kuɗin mota da data. Yanzu wasu suna cewa na ci kuɗin, har maganar ta kai masallaci. Wani dattijo ya ce kada in nuna wa kowa lissafi, domin sadaka a ɓoye ake yin ta, kuma Allah ya san niyyata. Wallahi ba na iya barci. Shin na shiga matsala? Kuma ina son ci gaba da wannan aiki, ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya saka maka da alheri. Ka kwantar da hankalinka, domin yadda ka bayyana al'amarin ba ka yaudari kowa ba: akwai mara lafiya, an yi aiki, asibiti yana da shaida. Dokar zamba ta 2006, wadda hukuncinta ya kama daga ɗaurin shekara 7 zuwa 20, tana magana ne a kan wanda ya karɓi dukiyar mutane da ƙarya. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Kuɗin da aka ba ka domin wata manufa da aka ambata ba naka ba ne, kuma karkatar da su da gangan zuwa wani waje yana iya zama laifi ko da farkon abin gaskiya ne. Abin da zai fitar da kai a gaban jama'a da gaban hukuma shi ne lissafi, wato ainihin abin da dattijon nan ya hana ka nunawa.

Da dukkan girmamawa ga dattijon, shawararsa ita ce mafi haɗari a cikin duk abin da ka rubuto. A aikina na duba littattafan kuɗi na ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai a nan Legas, babu maganar da ta fi yawan dawo mini kamar wannan: “Aikin Allah ne, ba sai an rubuta ba.” Da ita ake rufe bakin duk wanda ya nemi rasit, kuma a kanta ƙungiyoyi suke watsewa, aminai su daina gaisawa. Masu faɗinta sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Ɓoye sadaka haƙƙin mai bayarwa ne. Aya ta 271 a Suratul Baƙara, da hadisin mutumin da hannun hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba, duka suna magana ne a kan wanda ya ciro daga aljihunsa. Kai ba daga aljihunka ka ciro ba. Wakili ne kai, an ɗora maka amana, kuma wakili ba shi da sirrin da zai ɓoye wa wanda ya aike shi. Kana iya sakaya sunan mai bayarwa idan ya so, ka rubuta “wani bawan Allah, naira 20,000”, amma adadin da ranar da inda kuɗin suka tafi dole su fito fili.

Addinin da ake fakewa da shi ma bai koyar da haka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya yi masa lissafi, kuma da mutumin ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo masa. A Suratun Nisa'i aya ta 6, an umarci mai riƙon dukiyar maraya da ya kafa shaidu ranar da zai miƙa ta, alhali ayar da kanta ta rufe da cewa Allah ya isa mai hisabi. Sanin Allah bai ɗauke shaidu ba. Idan sahabi bai fi ƙarfin lissafi ba, ban ga yadda shugaban kwamitin unguwa zai fi ƙarfinsa ba.

Kai ɗan Mile 12 ne, ka fi ni sanin wannan. Idan manomi ya turo motar tumatir daga Kura ko Kadawa, dillali ba ya ce masa Allah ya san niyyata. Yana kiransa ya faɗa masa kwando nawa aka sauke, nawa ya lalace a hanya, nawa aka sayar, nawa ne kuɗin 'yan dako da la'ada. Ranar da ya daina wannan kiran, ranar za a daina turo masa kaya. To me zai sa kuɗin jinyar yaro su gaza kwandon tumatir samun kulawa?

Wannan tunani ne kuma yake haifar da babban kuskuren sabon shiga, wato karɓar gudummawa a asusun da mutum yake harkarsa ta yau da kullum. Na sha ganin takardar bayanin asusu irin wannan. Layi ɗaya naira 5,000 ce daga wata baiwar Allah da ta rubuta “na yaro”, layin da ke biye kuɗin buhun albasa ne daga kwastoma, sai katin waya, sai cirar kuɗi a wurin mai POS ba tare da wani bayani ba, sai kuɗin makarantar yara. Bayan wata biyu, mai asusun da kansa ba zai iya rantsuwa a kan wane kuɗi ne na wa ba. Mafi yawan waɗanda ake kira ɓarayi a wannan harka ba su yi niyyar sata ba. Sun ranci kaɗan ne da nufin mayarwa idan kasuwa ta buɗe, sai kasuwa ta ƙi. Ga kuma abin da mutane ba sa son tunawa: idan mai asusu ya rasu, kuɗin suna daskarewa a banki tare da dukiyarsa ta gado, sai magada sun samo takardar kotu, mara lafiya kuma yana kwance yana jira. Gaskiya ne zato zunubi, amma wanda ya gauraya kuɗinsa da na jama'a shi ya buɗe wa zato ƙofa.

Saboda haka a cikin makon nan ka ciro bayanin asusunka daga ranar da ka fara sanarwa har zuwa yau. Ka zauna da mutum biyu da unguwa ta yarda da su, zai fi kyau a samu na'ibin liman da ɗaya daga cikin masu zargin naka, ku bi shi layi-layi, ku ware gudummawa daga kuɗin kasuwarka. Ka karɓo rasit na asibiti da na kantin magani daga mahaifin yaron, wanda ya ɓata a nemi kwafinsa a sashen kuɗi na asibitin. Kuɗin mota da data da ka taɓa, tun da ba ka sanar tun farko cewa za a cire ɗawainiya ba, shawarata ita ce ka mayar da su daga aljihunka, ka kuma rubuta cewa ka mayar. Sannan ka fitar da lissafin a duk inda ka yi roƙon, a WhatsApp ɗin da kuma masallacin da maganar ta kai. Game da ragowar, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Ka tambayi likita ko akwai sauran magani da komawa asibiti, domin su ne farkon haƙƙi. Abin da ya rage bayan haka ka sanar da masu bayarwa, ka ba su wa'adi, wanda yake son kasonsa a mayar masa, wanda ya yarda a taimaki wani mara lafiya a yi. Idan akwai wanda ya ce zakka ya bayar, wannan sai ka koma ga malamai, domin zakka tana da mutanenta takwas da Suratut Tauba ta ambata a aya ta 60.

Batun ci gaba kuwa, kada ka yi gaggawar buga kati da tambarin gidauniya. Idan wani mara lafiya ya sake tasowa kafin ku kafu, hanya mafi tsabta ita ce a je asibitin a ga likita da ido, a karɓi takardar kimar kuɗin aiki, sannan a biya asibitin kai tsaye da lambar katin mara lafiyan, kuɗi su taƙaita zama a hannun kowa. Ku faɗi adadin da ake nema tun ranar farko, ku faɗi abin da za a yi da rara, kuma da zarar an cika ku sanar an rufe, ku goge lambar asusu, domin saƙon WhatsApp yana ci gaba da yawo shekaru bayan mara lafiya ya warke ko ya rasu. Kada ka ƙidaya hoton tiransifa da aka turo maka sai ka ga kuɗin a asusu, saboda alat na bogi ya yi yawa. Hoton yaro kuma, musamman a kan gadon asibiti, ba a sa shi sai da yardar iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma yaron nan zai girma ya ga kansa. Yawo da mara lafiya a bakin titi da lasifika kuwa ka nisance shi, gwamnatin Legas tana ɗaukarsa bara kuma tana kame a kansa.

Idan aikin ya zauna, sai ku yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi kundin tsarin ƙungiya da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe muku asusu. Na san tafiyar tana da gajiyarwa, ana mayar da takarda saboda harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin NIN da BVN, kuma a wannan gajiyar 'yan cuwa-cuwa suke cin kasuwarsu. Rijistar SCUML kyauta ce, ta intanet ake yin ta, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗin “oga” ka san inda kuɗin za su. Haka masu cewa za su buɗe maka GoFundMe, shafin tara gudummawa ta intanet: shafin ba ya biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya, ma'ana kuɗin za su sauka ne a hannun wani a waje, wanda ba ka da iko a kansa.

Asusun ƙungiya ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Wanda yake roƙo daban, ma'aji daban. Ku tuna rijista ba ta ƙare a ranar karɓar satifiket, akwai rahoton shekara-shekara da CAC take jira tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Idan kun ga ba za ku iya ɗaukar wannan nauyi yanzu ba, babu laifi ku riƙa kai marasa lafiyarku ga cibiyoyin da suka riga suka kafu a Legas, irin su Zakat and Sadaqat Foundation ko hukumar zakka ta NASFAT, ku kuma ku tsaya a kan abin da kuka fi su sani, wato tantance wane ne mabuƙaci na gaskiya a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Dattijon kuma ka same shi a gida kafin ka fitar da lissafin, ka gaya masa da ladabi abin da za ka yi, ka roƙe shi ya zama cikin waɗanda za su zauna a duba takardun.