Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta daina jin rediyona

Tambaya: Malam, ina da rediyon oba-oba Yaesu FT-857D da nake jonawa da kwamfuta ina yin FT8, wato musayar gajerun saƙonni ta iska da sauran masu rediyo, da manhajar WSJT-X. Kwana biyun nan sai ta riƙa nuna kuskure, zangon da nake kai ba ya fitowa a allo, watsawa ma ba ta tashi. Ko ramin CAT na rediyon, wanda ta nan kwamfuta ke sarrafa shi, shi ne ya ƙone? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin kwance rediyon. Sau da yawa laifin yana waje, a kebul ko a saiti, kuma kowace gaɓa ana iya gwada ta ita kaɗai.

Fara da Device Manager, inda Windows ke nuna jerin na'urorin da ke jone da kwamfuta. In kebul ɗin ya fito da alamar rawaya da "Code 10", to yawanci guntun lantarki (chip) Prolific PL2303 na jabu ne a ciki, wanda sabon direban Windows ke ƙin karɓa. Kada ka ɓata lokaci a kansa, nemi mai guntun FTDI. In ya fito lafiya, dubi lambar COM, wato lambar da Windows ke ba kebul ɗin, domin sauya ramin USB kawai kan mayar da COM3 ya koma COM7, manhajar kuwa tana can tana jiran tsohuwar lamba.

Sai saitin rediyo. Menu 020 ya kasance a CAT, ba LINEAR ko TUNER ba. Wanda ya taɓa jona na'urar daidaita eriya (tuner) ya manta, nan yake faɗawa. Menu 019 shi ne gudun saƙo: 4800, 9600 ko 38400, kuma dole ya yi daidai da na WSJT-X. In ba ka ga waɗannan ba, kunna 001 EXT MENU. A manhajar sa data bits 8, stop bits 2, babu handshake. Wannan 2 ɗin mutane da yawa ke tsallakewa. Ka kuma rufe duk wata manhaja da ke riƙe da COM ɗin, biyu ba sa hawa rami ɗaya.

Yanzu gwajin da ke raba gardama. Idan kebul ɗin USB mai kai DB9 (mai fil tara) kake amfani da shi, cire shi daga CT-62, wato kebul ɗin Yaesu da ke shiga ramin CAT, ka haɗa fil na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, ka buɗe PuTTY, manhajar aika rubutu ta COM, a kan COM ɗin ka yi rubutu. Haruffa suka dawo a allo, wannan ɓangaren lafiya yake. Da mitar gwaji, fil na 3 a kan na 5 zai nuna wuta kamar bolt 5 zuwa 10 ƙasa da sifili, lokacin da ba a aika komai.

A nan haɗarin yake. Ramin CAT na wannan rediyo da ƙaramar wuta yake aiki, sifili zuwa bolt 5, shi kuwa RS-232, tsarin wutar da ke fitowa daga kai DB9, yana lilo sama da ƙasan sifili. Aikin CT-62 shi ne daidaita su, kuma daga fil ɗin bolt 13.8 na ramin yake shan wuta. Duk wanda ya haɗa waya kai tsaye ba tare da mai daidaitawa irin MAX232 ba, ko filogi ya lanƙwashe 13.8 ta taɓa layin saƙo, zai iya kashe ramin. Buɗe littafin rediyon ka ga jerin filolin, ka auna a hankali da siririyar allura: 13.8 ta kasance, layin TXD, wanda rediyo ke aika saƙo ta kansa, ya tsaya kusa da bolt 5. In ɗaya babu, duba dalmar ƙafafun ramin, tana tsagewa saboda jan kebul. In ba ita ba ce, kai wa mai gyaran da ke da zanen allon da injin iska mai zafi, kayan ƙanana ne ƙwarai.

Gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa, ga janareta, ga caja mai ƙafa biyu da ke zuba wuta a jikin kwamfuta. Haɗa jikin rediyo da sandar ƙasa, kuma kashe komai kafin ka soka filogi ko ka zare.

Tambaya: Nawa yana aiki lafiya, amma da zarar na fara watsawa a zangon mita 20 sai USB ya yanke. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wutar da eriyarka ke fitarwa ce ke dawowa ta bayan kebul. Rage ƙarfi zuwa wat 5. In yankewar ta tsaya, ka kama ɓarawon. Nemi zoben ferrite FT240-31, mai tare irin wannan wutar, ka naɗa kebul ɗin USB sau 5 ko 6 a kusa da kwamfuta, wani zoben kuma a kan kebul ɗin eriya inda ya bar eriyar. Masu eriyar da ake jona wa kebul a ƙarshenta su suka fi fama da wannan. Gajarta kebul ɗin USB, kada ya kwanta gefe da gefe da na eriya, sannan ka ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan har ka kai inda kake so.