Tambaya da amsa: Ba mu da ɗakin gwaji, ta ina za mu fara shirin kimiyya a ɗakin karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu na jama'a a nan Damagaram. Yara na zuwa Laraba da yamma da kuma Asabar, galibinsu 'yan firamare da 'yan koleji, amma gaskiya rabinsu inuwa ce take kawo su. Littattafan kimiyyar da muke da su na Faransanci ne, sun tsufa, ba mai taɓa su. An ce mu ɓullo da shirin kimiyya na yara, alhali ba mu da kayan gwaji, kwamfuta ɗaya ce, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ga dama. Ni kaina adabi na karanta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da sanda. Ba ba'a nake yi ba: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, da igiyar awo irin ta tela, da kaye, wato littafin rubutu, mai kauri wanda ba ya barin ɗakin karatun. Kayen nan shi ne ginshiƙin shirin, bari in gaya miki yadda aka yi na gane haka.

Shekarun baya, ina koyarwa, aka gayyace ni wani ɗakin karatu in yi wa yara nunin kimiyya. Na je da zoɓo a gora, da lemun tsami, da jiƙaƙƙiyar kanwa. Na ɗiga lemu a kofi ɗaya, zoɓon ya ƙara ja, ya yi haske. Na zuba ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya yi duhu, ya juya kore-kore. Yara suka yi ta tafi da sowa. Ina fita na ji wani yaro yana gaya wa abokinsa, "Wallahi malamin nan ya iya dabo." Raina ya ɓaci, amma yaron bai yi ƙarya ba. Ni na zuba, ni na juya, su ido kawai suka kawo. Da na raba musu kofuna, na ce kowa ya kawo abu ɗaya daga gida, tsamiya ko toka ko sabulu ko nono, ya faɗi launin da yake zato kafin ya zuba, sannan ya rubuta abin da ya gani, da da kansu za su ware masu tsami gefe guda, dangin kanwa gefe guda. Abin da ke cikin babin farko na littafin kimiyyar sinadarai ke nan, kuma uwayensu sun daɗe da saninsa, tun da suna jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami.

To, mu koma kan sanda. Ki samu fili a farfajiya inda rana take bugawa, ki kafa ta tsaye cak. Ki roƙi magini ya duba miki ita da igiya da dutse, don in ta karkata ko kaɗan lissafin ya lalace. Daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 1, duk minti biyar yaro ɗaya ya sa tsakuwa a bakin inuwa, wani ya auna, wata ta rubuta. Inuwar za ta yi ta gajarta, ta tsaya, sannan ta fara tsawo. Inda ta fi gajarta nan ne zawali, kuma yara za su yi mamakin ganin ba ƙarfe 12 daidai ba ne. A nan Damagaram, wato Zinder, yakan faɗo tsakanin sha biyu da 'yan mintuna zuwa sha biyu da minti arba'in, gwargwadon wata, saboda agogon ƙasarmu an saita shi ne da zawalin wuraren da ke gabas da mu.

Awo ɗaya ba ya nuna komai. Daɗin abin yana fitowa ne in an yi ta yi kowane mako. Garinmu yana kusan digiri 13.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka a ƙarshen Disamba, lokacin hunturu, inuwar sandar mita ɗaya a zawali tana kai wajen santimita 76, tana kallon arewa. Daga nan sai ta yi ta ja da baya, har ƙarshen Afrilu, inda za a wayi gari rana ta tsaya a tsakar ka, sanda ta rasa inuwa. Bayan nan inuwar ta ɓullo ta kudu, ta kai kamar santimita 17 a ƙarshen Yuni, ta sake ɓacewa a tsakiyar Agusta, in hadari ya bari an gani. Kada ki gaya musu wannan tun farko. Ki bar su su ga lambobin suna raguwa a kaye, ki tambaye su yaushe suke ganin za ta ƙare. Wanda zatonsa ya fi kusa da ranar da inuwar ta ɓace ki ba shi aron littafi biyu a maimakon ɗaya.

Akwai abin da na fi so a cikin wannan aiki, kuma ya shafe ki kai tsaye. Mutumin da aka fi sani da auna kewayen duniya da inuwa, Eratostenes, shugaban ɗakin karatu ne a Iskandariyya ta Masar, fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya samu labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa a tsakar ka, alhali a Iskandariyya a ranar inuwa na karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya samu kewayen duniya. Mu ma Allah ya hore mana irin wannan. Kano tana kudu da mu, a digiri 12. Ki nemi wani malami can ta WhatsApp, ku auna a rana ɗaya, misali 21 ga Maris. Taku inuwar za ta kusa santimita 24 da rabi, tasu 21 da ɗan ɗoriya. Yara su zana sanda da inuwa a takarda, su auna kusurwa, bambancin zai fito kusan digiri 1.8, wato kashi ɗaya cikin 200 na da'ira. Tazarar garuruwan biyu daga arewa zuwa kudu, miƙe ba ta hanyar mota ba, wajen kilomita 200 ce. A ninka, a samu 40,000, wanda shi ne kewayen duniya. Amma ki sani santimita uku kacal ke tsakanin awon biyu, don haka kuskuren rabin santimita zai jefa amsar nesa. In sun samu 33,000 ko 48,000 kada ki gyara musu. Ki tambaye su ina kuskuren ya shigo. Gardamar da za ta biyo baya ta fi amsar amfani.

Sandar nan kuma ita ce za ta buɗe miki ƙofar malaman zaure, waɗanda shirye-shirye irin wannan suka saba tsallakewa. Sun san zawali, sun san inuwar La'asar, tun kafin agogo ya shigo gari. Ki gayyaci ɗaya ya yi wa yara bayani da bakinsa. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci ɓangaren rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna bayanta. Sai dai ki ja kunnen yaran, kada wani ya kwashi igiyar awo ya tafi gyara wa liman masallaci.

Da damina sai ma'aunin ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da ƙaramin ma'auni sun isa, a ajiye a fili nesa da bango da itace. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Garinmu yakan samu wajen milimita 400 a shekara, wata shekarar ya fi, wata ya gaza. Ki sa su auna rufin ɗakin karatun. In murabba'in mita 50 ne, lita 20,000 ke zuba ta indararo a damina ɗaya, bido 800 ke nan mai cin lita 25. Yaron da ya taɓa kwana a layin famfo a wannan gari da ke zaune kan dutse ba ya bukatar a gaya masa amfanin wannan lissafi. Da bazara kuma ga randa: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da wani malami daga arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex. Ma'aunin zafi ɗaya ya isa a gwada ciki da waje, a kuma gane dalilin da ya sa take sanyi sosai a Afrilu amma sanyin ya ragu a Agusta, lokacin da iska ta cika da laima.

Game da littattafan da kika ce ba mai taɓawa, ba tsufansu ne matsalar ba, lissafin inuwa bai canja ba tun da aka buga su. Yaro ba ya buɗe littafi sai yana da tambayar da ta dame shi. Ranar da inuwa ta juya kudu, ki ɗauko littafin da ke da zanen duniya a karkace tana zagaya rana, ki buɗe shafin, ki aje a kan tebur ba tare da kin ce komai ba. A yi tattaunawa da Hausa, a rubuta kalmar Faransanci a gefe saboda jarrabawa. Shafukan ƙarshe na kayen ki mai da su ƙamus, yara su riƙa zuba kalmomin da suka ci karo da su. Kwamfutar nan guda kuma ki sa a ɗora mata Kiwix, mai buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, da Stellarium, mai nuna taurarin kowane dare. Kafin a kunna ta, a tambayi wata tsohuwa ta nuna musu Kaza da 'Ya'yanta da Zara matar wata a sama.

Karatun adabin da kika yi ba naƙasu ba ne. "Ban sani ba, mu auna mu gani" ta fi amsar da aka haddace. In kina son mataimaka, ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou suna nan cikin gari, ki rubuta wa sashensu takarda. Sharaɗi ɗaya za ki gindaya musu: hannunsu a baya, yara ke taɓa kaya. Ki kuma manna hoton Abdou Moumouni Dioffo a bango, haifaffen Tasawa a 1929, masanin makamashin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Yara da yawa suna jin sunan, ba su san cewa aikinsa a kan wannan ranar da ke ƙona mu ya yi shi ba.

Waɗanda ba sa zuwa kuma, ke za ki je musu. Almajirai na hutu ranar Alhamis, ki nemi izinin malaminsu. Samarin fada, wato majalisar hira ta unguwa, suna zaune da shayi tun la'asar, gorar zoɓo da kofuna shida sun isa a tada musu gardama. 'Yan mata su ne suka fi wuyar samu saboda talla da aikin gida, don haka ki tambaye su lokacin da ya dace da su kafin ki tsara, kuma ki lura kada kullum a bar su da alƙalami maza na riƙe da igiyar awo. Abu biyu ban yarda da su ba ko kusa: kallon rana kai tsaye, ko da da baƙin tabarau, da kuma ɗanɗana abin da aka haɗa a kofin gwaji.

Asabar mai zuwa ki kafa sandar. A shafin farko na kaye a ja layi huɗu: kwanan wata, lokaci, tsawon inuwa, sunan wanda ya auna. In kun cika wata biyu ki aiko mini da lambobin, zan kwatanta su da nawa.