Amsa ga ɗan ɗan'uwana a kan sunan Abubakar

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murmushi da na karanta shi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce an yi maka haihuwa, dangi suna so a mayar da sunan kakanka, amma da ka duba a wayarka sai ka ga masu suna Abubakar ba su ƙirguwa, daga sarakuna da malamai har sojoji da 'yan siyasar da wasunsu ba ka ƙaunar halinsu, kana tambaya ko al'ada ta yarda ka kauce, kada a ce takwaran wani ka yi.

Bari in ba ka labarin watan Janairun 1966, a cikin azumi, lokacin ina yaro ɗan makaranta. Da hantsi wani maƙwabcinmu ya faɗo zaure ba ko sallama, yana cewa sojoji sun kashe Sardauna a Kaduna, Abubakar kuma ba a san inda yake ba. Kakarmu tana daga cikin gida ta ji, ta fito har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba idan akwai maza. Ɗanta na fari, wato kakanka, sunansa ke nan, kuma yana kan hanyar fatauci a lokacin. Saboda alkunya, tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunan ba, har a wannan firgici ma ba ta furta ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, wanne daga cikin masu sunan?

Ƙaninsa, wanda ya riƙe mu, ya zaunar da ita yana lissafa mata su a hankali. Ya ce ba Sarkin Musulmi ba ne, wanda yake kan gadon Sakkwato tun 1938. Ba Abubakar Imam ba ne, wanda ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun farkonta a 1939. Ba kuma Malam Abubakar Gumi Alƙalin Alƙalai ba ne. Firayim Minista ne, Tafawa Ɓalewa, aka ɗauke daga gidansa a Ikko. Ta yi ajiyar zuciya don ba nata ba ne, sannan ta fashe da kuka don na wata ne. Bayan 'yan kwanaki aka sami gawarsa, aka kai shi Bauchi. Har yau idan na ji sunan, fuskarta nake gani a bakin zauren nan.

Ka lura, mutum huɗu aka ambata, da mai sarauta da mai alƙalami da mai shari'a da mai mulki, kuma babu wanda ya rikita su, domin kowa aikinsa ne ya bambanta shi. Wasu sun jingina da garinsu, kamar Gumi da Tafawa Ɓalewa, a gida kuma ga Garba da Habu da Buba da Bukar, duk reshe ɗaya ne. Dukansu daga Sayyidina Abubakar Siddiƙu suka aro, ba daga junansu ba. Kawun namu yakan ce suna linzami ne, amma idan aka yi masa zancen takwara sai ya ƙara da cewa kama da wane ba ta wane.

Abin da ya dame ni shi ne wayar ka fara tambaya kafin ka tambaye mu. Ta nuna maka Abubakar ɗari, ba ta nuna maka wanda ya yi shekaru yana bin hanya da jakuna don ubanka ya yi karatu ba. Ku yaran yanzu kun san tarihin kowa ban da na gidanku, mu ma muna da laifi da muka yi shiru.

Hakkin raɗa suna naka ne, ba zan ƙwace maka ba. Sai dai kafin ranar suna ka zo da maraice, akwai abin da kakanka ya yi a kan hanyarsa ta dawowa a waccan shekara wanda ban taɓa gaya wa ko mahaifinka ba. Ka gaishe mini da mai jego.