Menu ya manne a iPhone, a Chrome kuma lafiya lau

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah a taimaka, na haɗa wa yayata ɗan shafin intanet da take tallan atamfa da leshi, a kwamfuta da Chrome komai tsaf, sai ga wata kwastoma ta turo mana hoton yadda ya fito a iPhone ɗinta, rubutun menu duk ya manne, Gida da Kaya da Tuntuɓa kamar kalma ɗaya. Kuma ɗan menu mai saukowa a ƙarƙashin Kaya ba ya buɗewa a waya sam. Ina na kuskure?
Wani ɗalibi, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ina kyautata zaton flexbox ka jera su da shi, wato tsarin jera abubuwa a CSS, lambobin da ke tsara kamannin shafi, sannan ka raba su da gap, umarnin da ke sa tazara a tsakani, to a nan gizo ke saƙar. Chrome ya fara gane gap a cikin flexbox tun 2020, Safari kuwa, burauzar iPhone, sai 2021 da iOS 14.5, kuma ka san irin tsofaffin wayoyin da ke yawo a kasuwa, iPhone 6 ma iyakarta iOS 12, har ta mutu ba za ta san wani gap ba, tsallake layin kawai take yi ta wuce abinta. Kar ka ɓata bakinka ka ce mata ta sauke Chrome wai ko zai gyaru, Chrome ɗin iPhone ɗinta da injin Safari yake tafiya, WebKit, sunan ne kawai daban.

Cire gap ɗin ka sa margin-right: 16px a kan kowane li, wato kowane abu da ke jerin menu ɗin, tsohon yayi ne amma babu burauzar da ba ta san shi ba.

Shi kuwa mai saukowar, hover ka sa ko, wato ya buɗe in an ɗora linzami a kai? Hover fa sai da linzamin kwamfuta, yatsa ba ya shawagi a kan gilashi, sau da yawa da an taɓa Kaya sai mahaɗin ya tafi da mutum kafin menu ya sauko. Mayar da shi button mai buɗewa idan an danna, 'yan layukan JavaScript ne. Ni dai zan ƙara jera mahaɗan a fili a ƙasan shafi saboda masu Opera Mini, mutanenmu da yawa da ita suke lallaɓa data, ita kuma a sabar kamfanin ake matse shafin kafin ya iso waya, JavaScript ba kullum yake tashi ba.

In ka gyara, ka ce wa kwastomar ta goge cache tukuna, wato kwafin shafin da burauza ta ajiye a wayarta, in ba haka ba tsohon CSS za ta sake gani ta ce maka ba abin da ya canja.