Sankarar bayan hanci: a sayar da gona a tafi Masar?

Tambaya: Yayana ya yi wata biyar da kaluluwa a wuya, ba ta zafi, kunnensa na dama a toshe, jefi-jefi yana haɓo. An ɗebi tsoka an auna, aka ce sankara ce a bayan hanci, sai an yi masa gashi, wato a ƙone ciwon da hasken na'ura (radiotherapy). Wasu 'yan'uwa na cewa a sayar da gona a kai shi Masar a yanke abin, wasu kuma a sayo wani magani da ake talla a Facebook. Ina mafita? Daga wata 'yar Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ku dakata da maganar gonar nan. Ko Masar kuka je, gashin za a yi masa. Ciwon yana can ƙuryar hanci, saman ganɗa, dab da gindin ƙoƙon kai, inda wuƙar likita ba ta kaiwa cikin sauƙi. Sa'ar da aka yi, irin wannan sankara tana jin gashi sosai. Ko a kudancin Sin, inda ta fi yawa, gashin ne babban maganinta. Tunda ta kai wuya, wato kaluluwar nan, galibi za a haɗa da kemo, maganin sankara da ake sawa ta jijiya, kamar wanda ake kira cisplatin.

Gashin kansa sau 33 zuwa 35 ne, Litinin zuwa Juma'a, wajen mako 7, kuma tsallake kwanaki yana ba ciwon damar farfaɗowa. Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato, amma kafin ku biya ko sisi ku tambaya: na'urar tana aiki yanzu? Sai yaushe layi zai zo kansa? In ta tsaya ana tsaka da yi, ina za a tura shi? Ku kuma tambayi IMRT, salon gashin da ke rage ƙone hanyoyin yawu. Kuɗin masauki da na abinci su shiga lissafi tun yau.

Kafin a fara gashin, ya je ya ga likitan haƙori. Baki zai bushe, haɗiya ta yi wuya, don haka ku tanadi kunun gyaɗa, madara da ƙwai, a ajiye yaji. Maganar abincin nan tana damuna ƙwarai, domin ana gasa shi ne sanye da wata roba da aka yi daidai fuskarsa, in ya rame sai ta yi masa yawa.

Maganin Facebook kuwa, kuɗi zai ci, ya ci lokaci. Kuma don Allah kada wanzami ya taɓa kaluluwar nan.